Jemage a cikin silin: kurakuran da ke tsayar da gini a Ingila

Shekarun baya ƙungiyarmu ta sayi wani tsohon gini a arewacin Ingila, da niyyar mayar da shi makarantar Islamiyya ta ƙarshen mako. Kuɗi sun haɗu, zane ya kammala, muka kai takardar neman izinin gini ƙaramar hukuma a watan Oktoba. Amsar da ta dawo gajeriya ce: ina rahoton binciken jemagu? Wani dattijo a cikinmu ya riƙe baki ya ce, "Jemage kuma? Wanda muke kora da hayaƙi a gida?" Shi ɗin dai. Sai da shekara ta kusa zagayowa kafin magina su hau rufin, kuma laifin namu ne, ba na jemage ba.

Kuskuren farko shi ne raina dokar. Nau'in jemagu 18 ne a Birtaniya, kuma babu wanda doka ba ta kare shi ba. A Ingila da Wales dokoki biyu ne ke aiki: dokar kare namun daji ta 1981 da ƙa'idojin kare mazaunin halittu na 2017. Kashe jemage laifi ne, tayar masa da hankali da gangan laifi ne, toshe masa hanyar shiga laifi ne. Abin da ya fi kama mutane shi ne wannan: lalata makwancinsa laifi ne ko da ba ya ciki a ranar, kuma "ban sani ba" ba ta wanke mutum. Hukuncin tara ce marar iyaka, ko ɗaurin da zai kai wata shida, ko duka biyun. A Disamban 2020 kotu ta ci kamfanin gine-gine na Bellway tarar fam 600,000 saboda rushe makwancin jemagu a Greenwich da ke Landan. Idan babban kamfani mai lauyoyi bai tsira ba, ina ga mai gida ɗaya?

Sai masu cewa, "Shekara goma nake gidan nan, ban taɓa ganin jemage ba." Wanda ya taso yana ganin manyan jemagu sun yi reto a bishiyar mangwaro, ko ya ga yadda suke rufe sama da yamma a unguwar asibitin sojoji na 37 a Accra, irinsu yake nema da ido. Na Ingila ba haka suke ba. Wanda ya fi yawa, pipistrelle, nauyinsa wajen giram 5 ne, kuma ƙofar da babban yatsa zai toshe ta ishe shi shiga. A nan ba ƙadangare ke jiran bango ya tsage ba, jemage ne: ƙarƙashin tayil ɗin rufi da ya ɗaga, bayan katakon bakin rufi, tsakanin bulo da bulo. Ranar da masaniyar halittu ta zo duba namu ginin, ta haska tocila a kan wani katako cikin silin, ta ɗauki wani ɗan baƙin abu kamar kashin ɓera, ta murza shi da safar hannu. Ya zama gari. Ta ce na ɓera tauri gare shi, na jemage kuwa ɓawon ƙwari ne zalla, shi ya sa yake rugurgujewa. Mu da muka sha hawa wurin ba mu taɓa lura da shi ba.

Kuskuren da ya fi kowanne tsada kuwa na lokaci ne, kuma shi ya ci mu. Binciken mataki biyu ne. Na farko dubawar rana ce, ana iya yin ta kowane wata: masani ya zagaya ginin ciki da waje, ya ce yiwuwar samun jemagu babu, ko kaɗan ce, ko matsakaiciya, ko mai yawa. Idan babu, shi ke nan. Idan akwai, sai mataki na biyu, wato tsayuwar almuru. Masu bincike su kewaye ginin minti goma sha biyar kafin faɗuwar rana, su tsaya har awa ɗaya da rabi ko biyu bayanta, da na'urar da ke kama kukan jemage da kyamarar gani a duhu, suna ƙirga masu fitowa da inda suke fitowa. Wannan ba ya yiwuwa sai tsakanin Mayu da Satumba, an fi son Mayu zuwa Agusta, domin da hunturu jemagu dogon barci suke yi. Ƙa'idar ƙungiyar kare jemagu ta Bat Conservation Trust, wadda aka sabunta a 2023, ta ce ziyara ɗaya ga ƙaramar yiwuwa, biyu ga matsakaiciya, uku ga mai yawa, da tazarar aƙalla mako uku tsakaninsu. To ka lissafa. Wanda ya farga a Oktoba sai ya jira Mayu, haya da kuɗin ruwan banki kuwa ba sa barcin hunturu. Gyaran abu ne mai sauƙi: a kira masani tun ranar da aka kira mai zane, in son samu ne ma kafin a biya kuɗin ginin.

Wasu kan roƙi ƙaramar hukuma ta ba da izini yanzu, a yi binciken daga baya. Da wuya ta yarda. Umarnin gwamnati na 2005 ya ce a tabbatar da ko akwai halittar da doka ta kare kafin a ba da izini, kuma a 2009 kotu ta soke wani izini a shari'ar da aka yi da ƙaramar hukumar Cheshire East saboda ba a auna batun jemagu yadda ya kamata ba.

Izinin gini kuma ba lasisin taɓa jemage ba ne. Takardu biyu ne daga ofisoshi biyu. Idan an sami makwanci kuma aikin zai shafe shi, sai an nemi lasisi daga hukumar Natural England bayan izinin ya fito, kuma a ware mata kwana 30 na aiki. Za ta duba ko aikin na da muhimmanci, ko babu wata hanya, ko jemagun ba za su ragu ba. Haka ƙananan ayyukan da ba sa buƙatar izini, kamar sauya rufi ko mayar da silin ɗaki: dokar jemage tana kansu daram.

Akwai wanda zai raɗa maka cewa ka share kashin, ka cusa kumfar toshe rami kafin masani ya zo. Kar ka saurare shi. Masanan sun san alamar sabuwar shara, kuma ka mayar da jinkiri ya zama shari'a. Bayan wannan, ni abin da ke damuna shi ne uwar jemage ɗa ɗaya take haifa a shekara, a Yuni ko Yuli. Wanda ya toshe rami a lokacin, jarirai ya rufe a ciki har su mutu da yunwa. Ba na son a ji wannan daga hannun waninmu.

Araha ba ta ado wajen zaɓen masani: a tambaye shi lasisinsa na aikin jemagu. A kuma kula da shekarun rahoto, domin wanda ya wuce wata 18 yawanci sai an sake dubawa, wanda ya haura shekara uku kuwa ya zama tarihi.

Saura kurakuran ranar aiki. Shimfiɗar rufi ta zamani mai barin iska ta ratsa tana da zare da ke naɗe ƙafar jemage har ya mutu, don haka inda akwai makwanci yawanci tsohuwar shimfiɗar kwalta ake sa wa. Fitilar tsaro da aka haska wa ƙofarsu tana hana su fita kiwo, sai a karkatar da ita ƙasa. Idan magini ya ɗaga tayil ya ga jemage, a tsayar da aiki nan take, a kira masanin, kada kowa ya taɓa shi da hannu tsirara, domin kaɗan daga cikinsu na ɗauke da cuta dangin ta haukan kare.

Namu rufin an gyara shi a Satumba, masaniyar na tsaye ana cire tayil ɗaya bayan ɗaya da hannu. An bar musu ƙofofi biyu a gefen kudu. Da bazara, bayan sallar magariba, yara kan tsaya a harabar suna ƙirga su yayin da suke fitowa.