Yadda Ake Zaga Kano Don Ganin Al'adu Da Sana'o'in Gargajiya

Baƙi da yawa suna shigowa Kano, su yi sayayya a Kantin Kwari, su ci tsire, su koma gida suna cewa sun ga gari. Kasuwa suka gani. Wanda ke son ganin garin kansa sai ya ware kwana biyu, ya sa takalmin da ba ya matse ƙafa, ya kuma nemi ɗan cikin badala ya raka shi, don lungunan birni ba sa shiguwa da taswirar waya.

Da farko, ka fara da Dutsen Dala da sassafe, kafin rana ta buɗe. Akwai matattakala, hawan ba wuya sai dai haki. Daga sama za ka hango Goron Dutse, da hasumiyoyin babban masallacin Juma'a, da ragowar ganuwar da aka fara ginawa zamanin Sarki Gijimasu. A nan ne tarihi ya ce Barbushe, jagoran mutanen Dala na dā, yake ganawa da abin bautarsu Tsumburbura. Amfanin wannan hawa shi ne ka riƙe fasalin garin a kai, domin da ka sauko ƙasa gabas da yamma za su rikice maka.

Daga nan sai Gidan Makama, daura da fadar Sarki. An gina shi ne domin Muhammadu Rumfa tun kafin ya hau sarauta a 1463, yanzu kuwa gidan adana kayan tarihi ne. Za ka ga ƙyauren tsofaffin ƙofofin gari, da kayan yaƙi, da hotunan zamanin zuwan Turawa a 1903. Kada ka tsaya kan abin da ke cikin gilashi kawai. Ɗaga kai ka dubi daurin guga da azarar rufin, nan gwanintar magina take. Idan da sauran lokaci, ka leƙa Gidan Ɗan Hausa a Nasarawa, inda Hanns Vischer ya zauna, Baturen da ya buɗe makarantar boko a Kano a 1909.

Mataki na uku shi ne wanda na fi so ka daɗe a kai: marinar Ƙofar Mata, wadda ake danganta kafuwarta da 1498. Ka je da hantsi, lokacin da marina ke bakin aiki. Yi sallama, ka gaida babban wurin tukuna: "Baba, sannu da aiki, mun zo ganin sana'a ne." Kada ka zaro waya ka hau ɗaukar hoto kamar ka shigo gonar gado, nemi izini, kusan kullum za a ba ka. Sannan ka tambaya yadda ake haɗa ruwan rini. Za su nuna maka baba, wato tsiron da ke ba da shuɗi, da toka, su gaya maka kwanakin da haɗin ke yi a rami kafin ya nuna. Tsaya ka ga yadda ake tsoma zane a ɗago shi: yakan fito da ɗan kore-kore, iska na bugunsa yana komawa shuɗi a kan idonka. Yawan tsomawa shi ke kawo duhun launi. Zanen ado da ke jikin ƙyallen kuwa, mata ne ke ƙulla shi da zare a gida kafin a kawo. Kusa da wurin za ka ji ƙarar masu bugu, suna dukan tufa da ƙatuwar tabarya a kan gungume har ta yi sheƙi. Ka sayi ko da ƙyalle ɗaya ne. Ramuka da yawa sun daina aiki saboda atamfar kanti ta cinye kasuwa, kuma yabon baki ba ya sayen baba.

Bayan azahar ka nufi Kasuwar Kurmi, ita ma tun zamanin Rumfa take. A nan ne ɗan rakiyarka zai yi rana. Ce masa ya kai ka wajen dukawa masu jaka da titimi, da masu kayan doki, da masu sassaƙar ƙwarya, da 'yan littattafai inda ake samun Ishiriniya da waƙoƙin ajami. Taya da fara'a. Idan an ce "albarka", ƙara kaɗan ko ka wuce ba tare da ɓata rai ba. Yunwa in ta taso, gurasa na nan kusa, ai unguwar Jakara gidanta ce.

Rana ta biyu ka bar wa wasanni. Da la'asar sakaliya ana dambe a dandalin Ado Bayero da ke Sabon Gari, tsakanin ɓangarorin Kudu da Arewa da Guramada, kalangu na tashi, maroƙa na zuga. Riƙe 'yan canji don liƙi, ka kuma adana wayarka a aljihun gaba. Mai sha'awar fim kuma ya bi ta Titin Gidan Zu, inda ofisoshin 'yan Kannywood suka yi yawa, ko da yake ba a shiga wurin ɗaukar fim sai da hanya.

Saura zaɓen lokacin zuwa. Idan da hali, ka daidaita tafiyarka da Sallah, don ka ga Hawan Daushe washegari da yamma, da Hawan Nasarawa a rana ta uku, duk cikin hawan Sallar Kano da UNESCO ta sa cikin jerin al'adun duniya a 2024. Sai dai ka bincika kafin ka kama hanya, domin a 'yan shekarun nan an sha dakatar da shi. Da azumi kuwa, daga goma ga wata yara ke fita tashe bayan shan ruwa, Nalako, sarkin gwagware, kuma na farautar gwagware. Mako guda bayan Mauludi akwai Takutaha, ranar da jama'a ke yin dafifi a kan Dala. Ran nan in kana son wurin tsayawa a saman dutsen, sai ka yi sammako.