Yadda zaka ci moriyar taron cibiyar kasuwanci ta ƙasashe biyu, ba wai ka tara kati ka dawo gida ba

Abin yana damuna gaskiya, ka ga mutum ya biya kuɗin rajista, ya bar harkokinsa na yini guda, ya je taron da cibiyar kasuwanci ta ƙasashe biyu ta shirya, ya zauna a kujerar baya yana danna waya, aka tashi ya ɗauki hoto a gaban allon taro ya kama hanya. Bayan wata ɗaya ka tambaye shi me ya samu, sai yace ai waɗannan tarukan surutu ne kawai na manyan kamfanoni. Alhali a ɗakin nan akwai mutumin da yake neman irin kayansa ido rufe, ba su dai haɗu bane.

Toh bari mu fara da ita cibiyar kanta, dan wasu suna ɗauka reshen ofishin jakadanci ce. Ba haka bane. Ƙungiya ce ta kamfanoni da 'yan kasuwa na ƙasashe biyu masu son ciniki da juna, yawanci da kuɗin mambobi da kuɗin hidimomin da take yi ake tafiyar da ita, wasu kuma gwamnatinsu na tallafa musu. Abin ya daɗe, Amurkawa sun kafa tasu a Paris tun 1894, a shekarar ne kuma aka kafa ta Jamus ta farko a waje a Beljiyam, yanzu kuwa cibiyoyin Jamus da ake kira AHK suna ƙasashe sama da 90. Faransa da Birtaniya da Italiya duk suna da irin nasu. Suna aiki kafaɗa da kafaɗa da sashen kasuwanci na ofishin jakadanci, shi yasa zaka ga jakada yana zuwa buɗe taro, amma ba su bada biza, ba su bada bashi, kuma ba su saya maka kaya. Aikinsu haɗa mutane ne da bada bayani. In ka riƙe wannan tun farko ba zaka je da burin da ba za a cika maka ba.

Tarukan ma kala kala ne, kuma ba kowanne ne naka ba. Akwai semina, inda ake kawo lauya ko jami'in kwastan ko ma'aikacin banki yayi bayani kan abu ɗaya, misali sabuwar dokar haraji ko yadda ake biyan kuɗi a cinikin ƙetare. Akwai taron sanin juna na yamma wanda babu dogon jawabi, tsayuwa ake ana gaisawa. Sai kuma wanda ni nake ganin yafi kowanne tsoka, wato lokacin da tawagar 'yan kasuwa ta zo daga ɗaya ƙasar aka shirya ganawa ta mutum da mutum, kowa da teburinsa da lokacinsa, minti goma sha biyar ko ashirin sai a canza. Wannan na ƙarshen ba a shiga shi haka kawai ranar taro, tun makonni kafin nan ake tattara bayanan kamfanoni ana haɗa wanda ya dace da wanda, saboda haka duk wanda ya ji labari a makare ya riga ya rasa.

Ga abinda nake so ka ɗauka da muhimmanci fiye da komai a rubutun nan. Mutum mafi amfani a gare ka a wajen taron ba jakada bane, ba kuma shugaban babban kamfanin da kowa ke rububin gaisawa da shi bane. Ma'aikatan cibiyar ne, waɗannan da suke tsaye a bakin ƙofa suna duba suna a takarda suna raba katin wuya, wanda yawancin mutane ko kallonsu ba sa yi. Su ne suka san waye ya zo, waye yake neman wakili, wane kamfani ne ya rubuto musu watan jiya yana cigiyar mai kawo masa kaya kaza, kuma aikinsu kenan su haɗa ku, da shi ake auna ƙoƙarinsu. Dan haka kafin ranar taro, kamar da mako guda, ka rubuta wa jami'in da sunansa ke jikin takardar gayyata imel gajere, ko ka kira ofis. Ka faɗi sunan kamfaninka, abinda kake sayarwa ko kake son saya, sannan ka tambaya ko akwai mutum biyu ko uku cikin masu zuwa da ya kamata ka gani. Ka kuma nemi jerin mahalarta, wasu cibiyoyin suna bayarwa wasu kuma ba sa bayarwa saboda dokar kare bayanan mutane, musamman na Turai, in sun hana kada ka ji haushi, ko jerin masu jawabi da kamfanonin da suka ɗauki nauyi ya ishe ka farawa. Ranar taro kuma ka nemi wannan jami'in ka gaishe shi da sunansa ka tuna masa. In ya kama hannunka ya kai ka gaban mutum yace ga wane, yana harkar kaza, wannan gabatarwar tafi kati ɗari da zaka raba da kanka, domin baƙon da ya zo daga wata ƙasa babban tsoronsa kada ya faɗa hannun ɗan damfara, kai kuma ga shi wanda ya yarda da shi ne ya kawo ka.

Sai shirin bakinka. Za a tambaye ka me kake yi, kuma abin mamaki nan ne mutane da yawa suke zubewa, sai kaji ance "muna harkoki daban daban, shigo da kaya, fitar da kaya, kwangila, gine-gine, duk dai abinda ya samu". Wallahi wannan amsar tana kashe magana nan take, saboda mai sauraro bai san inda zai ajiye ka a kansa ba. Ka zaɓi abu ɗaya, wanda ya dace da wannan taron. Me kake da shi, nawa kake iya samarwa a wata, wa kake sayar wa yanzu, me kake nema. Jimla uku ko huɗu, ka maimaita su a gida har su zauna a bakinka cikin harshen da za a yi taron da shi. In harshen bai zauna maka ba babu kunya ka tambayi cibiyar ko akwai tafinta, a ganawar tawaga sau da yawa suna tanada.

In kayan da ake ɗauka kake sayarwa, ka san lambar HS ta kayanka. Lamba ce ta tsarin Hukumar Kwastan ta Duniya, shida na farko iri ɗaya ne a kusan duk ƙasashe, da ita ake sanin harajin da kaya zai biya a bakin iyaka. Ka kuma san Incoterms, ƙa'idojin cinikin ƙetare masu nuna nauyin da ke kan mai sayarwa da wanda ke kan mai saye, waɗanda Cibiyar Kasuwanci ta Duniya ICC ta fara fitarwa a 1936, na yanzu bugun 2020 ne kuma guda 11 ne. Ba sai ka haddace duka ba, amma in mutum ya tambaye ka farashin nan FOB ne ko CIF, wato kai zaka tsaya a loda kaya a jirgin ruwa ne ko har kuɗin jirgi da inshora zuwa tasharsu ka haɗa, kayi shiru kana kallonsa, toh ya gama gane cewa baka taɓa fitar da kaya ba. Wanda kuma ya amsa a take, ko kamfaninsa ƙarami ne, za a zauna da shi.

Kati ka buga mai sauƙi, suna, kamfani, lambar waya da lambar ƙasa a gaba, imel. Imel ɗin ya zama wanda kake buɗewa kullum. Takarda shafi ɗaya mai bayanin kamfani da hoton kaya, ka ajiye kwafinta a waya ma. Samfur in ƙarami ne ka sa a jaka. Shikenan.

Ka je da wuri. Minti ashirin ɗin nan kafin a fara, ɗaki babu cunkoso, masu jawabi suna zaune ba abin yi, ma'aikata basu rikice ba tukuna, lokacin ne magana tafi daɗi. Kuma dan Allah in kun je ku biyu daga kamfani ɗaya ku rabu, kowa ya kama ɓangarensa, ba ku manne da juna kuna hira kamar a ofis ba. In ka ga mutum tsaye shi kaɗai ka je wajensa, shima jira yake wani ya fara. Tambaya tafi talla aiki, ka tambaye shi me ya kawo shi, me yake ba shi wahala a kasuwar nan, sai ka saurara da gaske. Sau da yawa matsalarsa ba kayanka ne maganinta ba amma ka san wanda zai warware masa, ka haɗa su, ba zai manta da kai ba. Kada ka riƙe mutum fiye da minti biyar zuwa goma, shima yana da waɗanda yake son gani, kace masa naji daɗin haɗuwarmu, zan turo maka bayanin gobe, ka matsa. Da ka juya baya ka rubuta kalma biyu uku a bayan katinsa, abinda kuka tattauna da abinda ka yi alkawari, dan zuwa dare fuskokin duk sun cakuɗe maka.

Abubuwan da suke zubar da mutum a irin wajen nan sanannu ne. Roƙon a taimaka maka da biza. Neman jari a haɗuwar farko. Tare jakada ana tura masa takardu a hannu. Ɗaukar mutum hoto ko bidiyo ba izini. Wani zaman ma ana sanarwa tun farko cewa a ƙarƙashin ƙa'idar Chatham House ake, ma'ana zaka iya amfani da abinda ka ji amma ba zaka ce wane ne ya faɗa ko daga ina yake ba, in ka je ka wallafa da suna ka ɓata wa kanka da cibiyar gaba ɗaya.

A semina kuma, lokacin tambayoyi dama ce da ake wasa da ita. Ka tashi ka faɗi sunanka da kamfaninka a taƙaice, ka yi tambaya ɗaya tak wadda ta fito daga ainihin aikinka, misali wace takardar shaida ake nema kafin irin kayanka ya shiga kasuwarsu, ko bankunan can suna karɓar wasiƙar lamuni, wato takardar da banki ke alkawarin biyan mai kaya, daga bankinka kai tsaye ko sai wani banki ya tabbatar. Ɗaki gaba ɗaya yanzu ya san me kake yi, kuma zaka ga bayan an tashi wani ya biyo ka. Amma kada ka karɓi makirfo ka mayar da shi wajen lacca, mutane suna tuna mai yin haka, ba da alheri ba. Ka nemi a turo maka takardun da aka haska, mafi yawa suna turawa.

Yanzu wajen da kusan kowa ke faɗuwa, bayan taro. Zumunci a ƙafa yake, na kasuwanci ma haka. Cikin kwana biyu ka rubuta wa duk wanda kuka yi magana mai ma'ana, kowa da nasa saƙon, ba saƙo ɗaya da ka kwafa ka watsa wa mutum talatin ba. Ka tuna masa inda kuka haɗu da abinda kuka ce, ka haɗa da abinda ka yi alkawari, ka nemi abu ɗaya ƙarami, kamar kira na minti goma sha biyar mako mai zuwa. Imel ko LinkedIn ya fi dacewa da farko, WhatsApp sai in shi ya baka lambar da kansa yace ka neme shi ta nan, kuma ko ya baka banda turo gaisuwar safiya da hotunan fulawa kullum. In shiru, ka jira mako biyu ka sake taɓawa sau ɗaya, in an sake shiru ka bar shi, zaku sake haɗuwa a wani taron. Kuma kada ka manta da jami'in da ya gabatar da kai, ka rubuta masa godiya ka gaya masa inda magana ta tsaya, gobe in wata tawaga zata zo sunanka ne zai fara faɗo masa.

Cinikin ƙetare baya ƙulluwa a zama ɗaya, daga gaisuwa zuwa samfur zuwa odar gwaji zuwa kwantena ana iya cin watanni, wani lokacin fiye da shekara. Kafin ka tura kaya ko kuɗi, ka tambayi cibiyar ko suna binciken kamfani, da yawansu suna yi a kan kuɗi, su duba maka rajistarsa da adireshinsa da ko yana nan da gaske. Haɗuwa da mutum a taron cibiya ba shaida bace cewa cibiyar ta tsaya masa, wannan ka riƙe shi da kyau.

Batun zama mamba, ni shawarata kada ka yi gaggawa. Yawancin cibiyoyi suna barin wanda ba mamba ba ya halarci wasu tarukan, sai dai kuɗinsa ya ɗan fi. Ka je biyu ko uku ka gani, waɗanda suke zuwa mutanen harkarka ne, ko duk bankuna ne da kamfanonin mai kai kuma ƙaramin mai sarrafa kaya ne? Ka tambayi wani tsohon mamba mai girman kamfani irin naka me ya amfana. In ka gamsu ka shiga, toh ka nemi kwamitin ɓangarenka ka shiga ciki, noma ne, lafiya ne, sufuri ne, dan a ƙananan zaman kwamiti na mutum goma sha wani abu ne ake sanin juna sosai, kuma nan ake fara jin labarin tawagar da zata je baje koli irin na Hannover a Jamus ko na Canton a Guangzhou tun kafin a sanar wa kowa.

Sannan ka yi hattara da gayyatar bogi, tana yawo sosai. Saƙo zai shigo da tambarin cibiya mai kyau, wai an zaɓe ka zuwa taro a ƙasar waje, ka tura kuɗin rajista da na otal zuwa wani asusu za a baka takardar biza. Kada ka kira lambar da ke jikin saƙon. Ka nemo lambar cibiyar da kanka daga shafinta na asali, ko ka tambayi sashen kasuwanci na ofishin jakadancin ƙasar ko sun san da ita da taron, kuma in asusun da aka baka da sunan mutum yake ba sunan cibiyar ba, kada ka tura ko sisi.