Yadda za ka duba uwar bindiga ta zaren kabon kafin ka dogara da ita

Shekarun da na yi ina aikin gandun daji, daga Gadabeji zuwa Baban Rafi, bindigar ƙarfe da katako nake ratayawa, kuma har yau kafaɗata ta dama ba ta manta da nauyinta ba. Shi ya sa ranar da wani yaro cikin masu aikin yanzu ya same ni gida nan Maraɗi, ya miƙo mini salula ya ce, "Baba, dubi wannan, uwarta ba ƙarfe ba ce, zaren kabon ne," na gyara zama na duba da kyau. Wanda ya taɓa cin kilomita 20 a ƙasa cikin rairayi ya san darajar kaya maras nauyi. Abin da na faɗa masa ne zan rubuta, domin ma'aikaci ko mai takardar izinin hukuma. Wanda ba shi da takarda, maganar ba tasa ba ce.

Uwar bindiga ita ce gangar jikin da bututu da kunama da gidan harsashi suke haɗuwa a kai. Fara da tambayar wane irin kabon ne, don iri biyu ne kuma sunansu ɗaya a bakin mai sayarwa. Akwai dogon zare da ake saƙawa kamar tabarma, a jera shi hawa-hawa, a shafe da danƙo, a gasa. Akwai kuma guntayen zare da ake kwaɓawa cikin roba a zuba a mazubi. Na biyun ya fi arha, ƙarfinsa kuma bai kai na farko ba. Sauƙin nauyin gaskiya ne: in ka auna guntaye masu girma ɗaya, kabon na da kamar giram 1.6 a inda alminiyom ke da 2.7, baƙin ƙarfe kuwa 7.8.

Tambaya ta biyu ta fi muhimmanci a wurina: in harsashi ya tashi, wa ke ɗaukar bugun? A samfurin AR-15 na Amurka, makullin da ke toshe bayan harsashi yana kamawa ne a cikin ƙarfen da ke gindin bututu, uwar tana riƙe kayan ne kawai. Wannan ya ba kamfanin Bushmaster damar sayar da Carbon 15 mai uwar kabon. Duk da haka, yawancin masu ƙera irin wannan bindiga alminiyom mai ƙarfi da ake kira 7075 suka riƙe, kuma ban ɗauka rashin wayo ne ya hana su canzawa ba. Ƙarfe in bugu ya fi ƙarfinsa yakan lanƙwashe ko ya lotsa, ka gani da idonka. Kabon ba ya gargaɗi. Zai nuna maka lafiya lau har ranar da zai tsage.

To ga dubawar. Cire gidan harsashi, ka tabbata da ido da yatsa babu harsashin da ya rage a gindin bututu. Fita da ita hasken safe, ko ka haska tocila a kaikaice, ka bi wurare uku a hankali: bayan uwar inda gindin bindiga yake ɗaurewa, ramukan da ƙusoshi ke ratsawa, da gaban da bututu ke shiga. Siririn layi kamar gashi, ko wurin da ya yi fari-fari kamar an kankare, ya isa ka ajiye ta. Girgiza ƙusoshin, in rami ya fara faɗi, ba zai koma ba. Duba ko akwai ƙarfe da aka dasa a inda ake murɗa abu, don zaren murɗi da aka yanka kai tsaye a jikin roba yana saurin cinyewa, musamman a hannun mai son ɗaurewa da ƙarfin tsiya. In mai hawa-hawa ce, ɗauki tsabar dala ashirin ka riƙa ƙwanƙwasawa sannu-sannu. Wuri mai lafiya yana amsawa ƙyas-ƙyas, inda hawan ya rabu daga ciki kuwa sai ka ji ɗif.

Sai yanayinmu. Zaren kansa ba ya tsoron zafi, danƙon da ke riƙe shi ne mai rauni. A Afrilu da Mayu muna wuce digiri 40 a inuwa, mota a rufe cikin rana kuwa ta fi haka nesa. Kada ka bar ta a ciki, kada kuma ka jingine ta a rana tsawon yini, don hasken rana na cin fuskar danƙon. Da hunturu, ƙura ce ke haɗuwa da mai ta zama kamar dutsen wasa wuƙa, don haka shafa mai kaɗan, ka yawaita gogewa. Da damina kuma, inda kabon ya taɓa alminiyom ga danshi da gumi, alminiyom ɗin ne ke fara ruɓewa. Farin gari a mahaɗa shi ne alamarsa. Kar ka wanke ta da man fetur yadda wasunmu suka saba yi wa ta ƙarfe.

Yaron ya tambaye ni, "To Baba, kai za ka riƙe ta?" Na ce masa gindin kabon ko mariƙin gaba na kabon, da murna zan karɓa, don a can ake rage nauyi ba tare da an taɓa zuciyar bindiga ba. Amma uwar da zan shiga daji da ita kwana uku, nesa da Dakoro, inda maƙeri ba zai iya yi mata walda ba in ta tsage, ta ƙarfe nake so.