Kurakuran da Iyalai Suka Fi Yi a Tafiyar Mota da Kwanan Tanti Daga Gaɓar Teku Zuwa Ƙungurmin Dajin Ostiraliya

Mafi yawan mutanen Ostiraliya a biranen gefen teku suke zaune, tsakiyar ƙasar kuwa fili ne fetal da mutum zai yi sa'o'i yana tuƙi a cikinsa bai ga gida ko ɗaya ba. Iyalin da suka ɗora tanti da kayan girki a mota domin su bi gaɓar teku, sannan su kutsa yankin da 'yan ƙasar suke kira Outback, suna shiga wurare biyu ne masu haɗari daban-daban. Kusan duk kurakuran da ake yi a irin wannan tafiya tushensu ɗaya ne, wato zaton cewa idan an sami matsala akwai ƙauye a gaba ko kuma wani zai zo wucewa ya taimaka.

Kuskuren da ake fara yi tun a gida shi ne raina nisa. Daga Adelaide a kudu zuwa Darwin a arewa kimanin kilomita 3,000 ne, wato kamar a ninka tafiyar Legas zuwa Kano sau uku. A kan babbar hanyar Stuart, tsakanin Glendambo da Coober Pedy akwai kusan kilomita 250 da babu gidan mai, a kan hanyar Eyre da ta ratsa filin Nullarbor kuwa akwai wani miƙaƙƙen yanki mai tsawon kilomita 146 da ba a karya kwana ko sau ɗaya. Maigida yakan dubi taswirar waya ya ga an rubuta sa'o'i bakwai, sai ya ɗauka zai kai kafin la'asar, ya manta cewa lissafin bai sa tsayawar salla da cin abinci da fitsarin yara da kafa tanti ba. Gyaran shi ne a tsara tafiyar bisa abin da ƙaramin yaron da ke cikin motar zai iya jurewa. A ganina kilomita 400 a yini ya ishi iyali mai yara, tare da hutun minti 15 bayan kowace sa'a biyu, kuma a riƙa cika tanki a duk gidan man da aka tarar ko da allurar ba ta sauko rabi ba, domin wani lokaci akan isa na gaba a tarar an rufe.

Daga raina nisa ne ake faɗawa tuƙin dare, wanda yake yawan lalata motocin baƙi. Kangaru yana fitowa kiwo ne da asuba da kuma gab da magariba, kuma idan hasken fitila ya ruɗa shi yakan yi tsalle ya faɗo gaban mota. A wurare da yawa babu shinge tsakanin titi da makiyaya, saboda haka akan ci karo da shanu kwance a kan kwalta, haka nan akwai raƙuman daji, jikokin waɗanda aka shigo da su a ƙarni na 19 domin sufuri. Ƙa'idar da ta fi amfani ita ce a sauka a masauki sa'a biyu kafin faɗuwar rana. Idan kuma dabba ta tsallako, a taka birki a miƙe, kada a fizge sitiyari, don fizgewar ce take kifar da mota. Wanda ya saba tuƙi a Najeriya ko Nijar ya tuna cewa a hannun hagu ake tuƙi a can, kuma mantuwa ta fi zuwa ne a hanyar da babu kowa, lokacin da aka fito daga gidan mai babu wata mota a gaba da za a bi. Akwai kuma tireloli masu jan bodi uku ko huɗu da tsawonsu ya kai mita 53, waɗanda ba a wuce su sai an hango fiye da kilomita guda a gaba babu komai. Doka ta wajabta a ɗaure duk yaron da bai kai shekara 7 ba a kujerar yara ta musamman, rungume shi a cinya laifi ne da ake cin tara a kansa.

Sai zaɓen lokaci. Yanayin can akasin na arewacin duniya ne: zafi yana tsananta daga Disamba zuwa Fabrairu, kuma a daidai lokacin ne makarantu suke dogon hutu, shi ya sa iyalai da yawa suke shiga daji a watannin da bai kamata ba. A garin Oodnadatta an taɓa auna zafin digiri 50.7 a watan Janairun 1960. Ana rufe hamadar Simpson ta ɓangaren jihar Ostiraliya ta Kudu daga 1 ga Disamba zuwa 15 ga Maris, a arewa kuma damina tana sauka daga wajen Nuwamba zuwa Afrilu har ta yanke hanyoyi irin su Gibb River. Lokacin da ya dace da tsakiya da arewa shi ne daga Mayu zuwa Satumba, gaɓar kudu kuwa ta fi daɗi a lokacin zafi. Amma wanda ya tafi a watan Yuni ko Yuli kada ya bar barguna da rigunan sanyin yara, domin a kewayen Alice Springs sanyin dare yakan sauka zuwa sifili ko ƙasa da haka.

Batun ruwa da lalacewar mota shi ne ya fi cancanta a tsaya a kansa. Mutane sukan sayi katan biyu na ruwan roba su ga kamar sun yi tanadi, alhali ruwan sha da girki da alwala na mutum biyar yana cin fiye da haka a yini ɗaya. Shawarata ita ce a ware wa kowane mutum lita 10 a yini idan da zafi, a ƙara na kwana uku da ba a taɓa shi sai an shiga matsala, a kuma raba shi a jarkoki da yawa, saboda idan babbar jarka ɗaya ta fashe a kan gargada an rasa duka. Idan mota ta lalace ko ta kafe a yashi, kuskuren da yake kashe mutane shi ne barin ta a tafi neman taimako a ƙasa. A watan Disamban 1998 wata 'yar yawon buɗe ido daga ƙasar Ostiriya da ke Turai ta rasu a kan hanyar tafkin Eyre kusa da William Creek bayan ta bar motarsu da ta kafe, alhali akwai ruwa a motar, abokin tafiyarta da ya koma wurin motar ya zauna kuwa an same shi da rai. Mota tana ba da inuwa, kuma masu ceto sun fi saurin hango ta daga sama fiye da mutum guda. Sau da yawa ma rage iskar tayoyi kawai ya isa ya fitar da motar da ta kafe, shi ya sa ma'aunin iska da famfon hura taya da shebur da safaya biyu suke cikin kayan dole ga mai barin kwalta. Wanda ya yi hayar mota ya karanta takardar inshora tukuna, domin kamfanoni da yawa ba sa biyan ɓarnar da ta auku a hanyar da ba kwalta.

Dogaro da wayar hannu ma kuskure ne. Kamfanin Telstra ne ya fi faɗin sabis a karkara, amma ko shi yakan ɗauke da zarar an yi nisa da gari, kuma lambar gaggawa ta 000 ba ta shiga inda babu sabis na kowane kamfani. Abin da ya kamata shi ne a yi hayar wayar tauraron ɗan'adam ko a sayi ƙaramar na'urar kiran ceto a yi mata rajista da AMSA, hukumar da ke karɓar irin wannan kiran ceto, a riƙe taswirar takarda, a kuma bar wa wani amintacce cikakken tsarin tafiyar da ranar da zai kira 'yan sanda idan bai ji ɗuriyar iyalin ba. Likitocin da suke zuwa wa marasa lafiya a jirgin sama, waɗanda aka kafa hidimarsu a 1928, suna isa lunguna masu nisa, sai dai ba za su tashi ba sai labari ya kai gare su.

A bakin teku kuskuren ya sha bamban. Iyaye sukan zaɓi inda ruwa ya kwanta babu kumfa su ce nan ne ya dace da yara, alhali sau da yawa wannan wurin ne hanyar da ruwa yake komawa ciki da ƙarfi, yana jan duk wanda ya shiga. A yi wanka kawai tsakanin tutoci masu launin ja da rawaya, inda masu ceto suke tsaro, wanda ruwa ya ja kuma kada ya yi kokawa da shi, ya kwanta a kan ruwan ya ɗaga hannu. A gaɓar arewa, daga Oktoba zuwa Mayu, akwai wata halittar ruwa garai-garai mai dogayen zaruruwa masu dafin da yake iya kashe yaro, kuma taimakon farko shi ne a kwarara binega a wurin a kira agaji. Kadojin ruwan gishiri suna zaune a koguna da bakin teku tun daga yankin Kimberley har zuwa tsakiyar gaɓar Queensland, kuma rashin allon gargaɗi ba shaida ba ce cewa babu su. Hukumomi suna cewa a kafa tanti aƙalla mita 50 daga bakin ruwa, kada a aiki yaro ɗebo ruwa, kada kuma a wanke kifi ko kwanuka a gaɓa.

Wajen kafa tanti, inuwar manyan bishiyoyin turare na bakin kogi tana jan hankali, amma an san su da yar da manyan rassa ba tare da iska ko gargaɗi ba. Busasshen rafi ma wuri ne mai laushin yashi da bai kamata a kwana a cikinsa ba, saboda ruwan da aka yi a nesa yana iya isowa cikin dare. A ranakun da aka ayyana haramcin kunna wuta gaba ɗaya, hura itace ko gawayi a fili babban laifi ne, kuma dalilin a bayyane yake ga wanda ya tuna yadda dubban mutane, yawancinsu masu hutu, suka guje wa gobarar daji suka fake a bakin ruwa a garin Mallacoota a ranar ƙarshe ta 2019. A tsibirin K'gari kuma, inda karnukan dajin dingo suke yawo, ana so yaro ya kasance inda hannun babba zai kai gare shi a koyaushe.

Saran maciji yana buƙatar a ajiye abin da da yawa daga cikinmu suka taso suna gani. Ba a tsaga wurin, ba a tsotsa, ba a wankewa, ba a kuma ɗaure shi tamau da igiya. Ana naɗe ƙafar ko hannun gaba ɗaya da faffaɗan bandeji mai ɗan matsi, a ɗaura sanda don kada gaɓar ta motsa, a kwantar da mutumin a hana shi tafiya har agaji ya iso.

Akwai kuma kurakuran da ba sa kisa amma suna cin kuɗi da mutunci. Ba a shiga jihar Ostiraliya ta Yamma da ɗanyun 'ya'yan itace da kayan lambu da zuma, ana bincika motoci a Border Village, haka ma masu nufar gabas a Ceduna. Mai zuwa daga gida kada ya ɓoye kilishi ko daddawa a jaka, ya bayyana duk abincin da ya riƙo a filin jirgi. Naman halal yana wuyar samu da zarar an bar manyan birane, don haka a yi tanadinsa a Adelaide ko Perth a cikin firjin mota. Yankuna masu faɗi mallakin 'yan asalin ƙasar ne, kuma bin wasu hanyoyi kamar Great Central yana buƙatar takardar izini tun kafin a tashi. A Uluru, wani katafaren dutse da ke tsakiyar ƙasar, an haramta hawa dutsen tun 26 ga Oktoban 2019 bisa buƙatar mutanen Anangu masu wurin, akwai kuma sassan da suka roƙa kada a ɗauki hotonsu, waɗanda aka sa wa alama a kan hanyar zagaye dutsen, kuma ya kamata a bayyana wa yara dalilin tun kafin su fito da waya.