Kurakuran da Aka Fi Yi Wajen Gyaran Tsohon Burtali a Dajin Gwamnati

Tsoffin hanyoyin da ke tsakanin Garwa da tudun Ngaundare a arewacin Kamaru, waɗanda fatake suka bi da jakunansu kuma makiyaya ke kora shanu a kansu har yau, wasunsu sun ratsa dazuzzukan da ke kewaye da gandun Binuwai, wanda gwamnati ta mayar gandun ƙasa a 1968. Masu son farfaɗo da su sukan fara da adda da gatari, alhali ruwa ne ke cinye hanya, ciyawa kuwa rufe ta kawai take yi.

Kuskuren da ya fi cin kuɗi shi ne cike kwazazzabo da ƙasa da rani, domin ruwan farko na watan Mayu zai kwashe ta, ramin ya ƙara faɗi. Gyaran yana can sama, inda ruwan yake shiga hanyar. A haƙa ƙananan magudanai a karkace don su fitar da shi gefe tun bai yi ƙarfi ba, a jera duwatsu cikin ramin mataki-mataki su tare yashi, sannan a dasa jema a bakinsa, saboda saiwarta na nutsewa ƙwarai. Inda hanyar ta fuskanci gangare kai tsaye, gara a lanƙwasa ta, ko da makiyaya za su yi gunagunin ƙarin tafiya.

Akwai kuma masu kafa turakun siminti don shata iyakar burtali ba tare da an zauna da lamiɗo da jauro (mai gari) da arɗo da manoman audugar da gonakinsu suka ci gefen burtalin ba. Irin waɗannan turaku ba sa kai damina biyu. Sai an taka hanyar tare, da jami'in gandun daji a cikin tawagar, an amince da iyaka, kafin a sayi siminti.

Share hanya da wuta a watan Maris ɓarna ce, don tana kama manyan itatuwa. Idan dole ne, a nemi izini a ƙona a Nuwamba, ciyawa na da sauran danshi. Tsamiya da ɗorawa da kaɗanyar da ke bakin hanya kada a sare su, domin da su matafiya ke gane zango.

Mashaya ma akan manta da ita, kuma burtalin da aka toshe masa hanyar gangarawa rafi, shanu da kansu za su buɗe wata ta cikin gona.