Yadda za ka kai bitamin har cikin kifin tekun da kake kiwo

Abin da nake fara gaya wa duk mai kiwon kifin teku a keji shi ne, kada ya ɗauka bitamin ɗin da aka rubuta a jikin buhu shi ne wanda kifinsa ya ci. Tsakanin injin haɗa abinci da bakin kifi, zafi da danshi da daɗewa suna cin rabonsu.

Fara da bitamin C, don a nan aka fi yin asara. Yawancin kifayen da muke kiwo, salmon na Norway ne ko sibas (sea bass) da sibirim (sea bream) na Girka da Turkiyya, jikinsu ba ya iya haɗa shi, sai dai su samu a abinci. Idan ya yi ƙaranci za ka ga ƙashin baya ya lanƙwashe, murfin wurin numfashi ya gajarce, rauni ya ƙi warkewa. Matsalar ita ce ainihin bitamin C ba ya jure zafin injin da ke fitar da ƙwayoyin abinci. Don haka ka tambayi mai sayar maka: wane iri ya zuba? Wanda aka ɗaure da sinadarin fosfet don ya jure zafi kake so, irin wanda ake sayarwa da sunan Stay-C. Ni ba na sayen abincin da mai shi ya kasa amsa wannan tambayar.

Sai bitamin E. Kifin teku na buƙatar man EPA da DHA (nau'o'in mai da ake samu a jikin kifi) da yawa, shi kuwa wannan mai yana saurin lalacewa. Bitamin E ne ke kare shi, kuma yana ƙarewa ne a wannan aikin. Yawan mai, yawan E. Ka riƙa shinshina buhu kafin ka ciyar. Idan man ya fara wari, zubar da shi ya fi alheri, domin ƙarin bitamin a kai ba zai gyara shi ba. Iyayen da kake shirin tatsar ƙwai a jikinsu ka ƙara musu C da E tun kafin lokacin ya zo.

Masu ciyarwa da ɗanyen kifi su kula. Ƙananan kifaye irin su sadin da ancobi da herin suna ɗauke da wani sinadari, tiyaminas, mai rusa bitamin B1. Masu kiwon hamachi, wani kifin teku, a Japan sun sha fama da wannan lokacin da suke dogara da ancobi. Kifin zai daina ci, ya riƙa juyi a ruwa. Dafawa na kashe sinadarin, ko kuma ka koma busasshen abinci.

Amma fa kada son alheri ya sa ka zarce. Bitamin A da D da E da K suna narkewa ne a mai, jiki na tara su, musamman a hanta. Bitamin A mai yawa yana gurɓata ƙashin 'ya'yan kifi tun suna cin rotifa da atimiya, wato ƙananan halittun ruwa da ake fara ciyar da su. Ka bi awon da aka rubuta lokacin da kake ƙosar da waɗannan ƙananan halittu da bitamin kafin ka ba kifin, ba da ka ba.

Idan kai kake haɗa abincinka, ka ware kolin, wani sinadarin abinci da ake haɗawa da bitamin, daga sauran garin bitamin sai ranar haɗi, saboda yana jan danshi ya ɓata su. Ka jera buhuna kan katako a wuri mai sanyi, nesa da rana, wanda ya riga shiga ya riga fita, kuma kada ka sayi abin da zai wuce wata 3 a ɗakin ajiya.