In za ka shiga Wat Pho, wurin ibadar mabiya addinin Buda a Bankok ta ƙasar Thailand

Ka je da sassafe, tun rana ba ta buɗe ba kuma 'yan yawon buɗe ido ba su cika wajen ba. Kaya dai ka sa mai rufe kafaɗa da gwiwa, takalmi kuma a bakin ƙofa ake cirewa. A ciki akwai mutum-mutumin Buda a kishingiɗe, tsawonsa mita 46, duk ruwan zinare, don Allah kar ka tsaya hoto kawai, zagaya ka kalli tafin ƙafarsa, zane 108 ne a jiki, aikin hannu ne mai ban mamaki wallahi. In ka zauna lanƙwashe ƙafarka baya, miƙe ta wajen Buda raini ne a wurinsu. Mata kuma ba sa taɓa malaman addinin Buda masu kaya ruwan goro. Magana ƙasa-ƙasa, mutane ibada suke.